Yadda Ake Yi Idan Injin Jirgin Ruwan Shaƙatawa Ya Mutu Ana Fara Tafiya

An kwance igiyoyi, an ɗaga wa na kan gaɓa hannu, jirgi ya fita daga tasha lami lafiya. Ba a yi rabin sa'a ba, daidai inda ruwa ya daina kwanciya jirgin ya fara tashi yana sauka, sai ka ji muryar inji ta canza. Ya yi ƙasa, ya ɗan farfaɗo, ya sake yin ƙasa, sai tsit. Ba ka jin komai sai ruwa yana marin gefen jirgi.

Ba tsautsayi kaɗai ke sa hakan ya faru a farkon tafiya ba. Jirgin shaƙatawa zamansa ya fi tafiyarsa yawa, yakan yi watanni a ɗaure ba wanda ya tayar da injinsa. Dattin da ya kwanta a gindin tanki, robar da ta bushe, kan batir da ya yi tsatsa, duk ba sa nuna kansu sai an motsa jirgin. Sa'a ta farko ce ke tona musu asiri. Ƙungiyar ceto ta RNLI, mai aiki a gaɓar Birtaniya da Ailan, ta daɗe tana faɗin cewa lalacewar inji ce kan gaba cikin dalilan da ke sa a kira ta zuwa ga irin waɗannan jirage. Yawancin gyaran kuma bai fi ƙarfin mai jirgi ba, in dai ya bi abin daki-daki. Bayanin da ke tafe na injin dizal ne na cikin jirgi, irin su Yanmar da Volvo Penta da Beta, wanda shi ne a mafi yawan jiragen.

Kafin ka taɓa sifana

Kuskuren da aka fi yi shi ne kyaftin ya ruga ƙasa ya cusa kai cikin ɗakin inji, ya bar jirgi ba mai duba shi. Mota in ta mutu tsayawa take yi. Jirgi kuwa bai san tsayawa ba, iska da ruwa na ci gaba da jan sa, kuma sau da yawa inda ba ka so can suke kai shi.

Da farko ka yi amfani da sauran gudun da ya rage. Muddin jirgi na motsi sitiyari na ji, to ka karkata shi daga duwatsu, daga bangon tasha, daga hanyar manyan jirage. Ka ce kowa ya sa rigar ruwa. Ka sa mutum ɗaya aikinsa duba kewaye kawai, ka rubuta inda kuke daga GPS da lokaci. Bayan minti biyar ka sake dubawa, nan za ka san ina ruwa ke kai ku da kuma saurin da yake yi. Wannan lissafin ne zai gaya maka ko sa'a biyu gare ka ko minti goma.

In jirgin mai filafilai ne, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, ka buɗe na gaba nan take, don shi ya fi saurin buɗewa. Shi ya sa masu hankali ba sa barin tasha sai sun cire rigar babban filafili sun ɗaura igiyar ɗaga shi. In babu iska, ko jirgin inji kaɗai gare shi, kuma zurfin bai yi yawa ba, ka saki anka. Sarƙa zalla ana sakin ninki huɗu na zurfin ruwa, in haɗin sarƙa da igiya ne ninki shida. Ka yi lissafin da zurfin da ruwa zai kai idan ya ciko, ba wanda kake gani yanzu ba. A ganina anka ita ce kayan gyaran inji na farko, domin ita ke ba ka damar yin tunani a tsanake.

Sai jirgi ya natsu tukuna ka sauka.

Yadda ya mutu shi ne rabin amsar

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka kwance komai, ka tuna abin da ka ji da wanda ka gani. Injin da ya dinga sauka yana hawa kafin ya mutu, mai ne ya yanke masa. Wanda ya tsaya farat ɗaya da gigitaccen bugu yana cikin giya, wani abu ne ya naɗe farfela. Wanda ƙararrawarsa ta yi kuka, ga wari kamar roba na ƙonewa, zafi ya yi. Wanda tun farko ya ƙi tashi, a fara da duba wutar batir. Injin dizal ba shi da fulogi, buƙatunsa kaɗan ne: mai mai tsabta, iska, da abin da zai juya shi da ƙarfi. In ya samu waɗannan, kuma ana sanyaya shi, da wuya ya ba ka kunya.

Da ka buɗe ɗakin inji, ka haska tocila ƙasa tukuna. Akwai ruwa a gindin jirgi? Akwai baƙin mai ko dizal a zube? In kuwa hayaƙi ka ga yana fitowa ta gefen murfi, kada ka buɗe, iskar da za ta shiga ita za ta hura wutar. Ka rufe mai, ka kashe batir, ka fesa abin kashe gobara ta 'yar ƙofar da aka tanada don haka.

Idan mai ne

Nan ya kamata a daɗe, don nan matsalar ta fi zama.

Ka fara da abubuwan da ake jin kunyar faɗa. Akwai mai a tanki kuwa? Gejin tankin jirgi ya iya ƙarya, in da hali ka zura sanda ka gani da idonka. Tankin da ya rage kwata ma na iya jawo matsala, domin jirgi in ya kwanta gefe mai na gudu ya bar bakin bututu, inji ya zuƙi iska. Bawul ɗin mai a buɗe yake, ko wanda ya rufe jirgi a ƙarshen tafiyar da ta wuce ya kulle shi? Madannin kashe inji, irin wanda ake ja, an mayar da shi ciki sosai? Sai ka buɗe murfin zuba mai ka kasa kunne. In ka ji ya yi tsaki yana zuƙar iska, to kafar shan iskar tanki ce ta toshe, kuma barin murfin a sassauce zai kai ka tasha, in dai ruwa ba ya fantsamo wajen.

In duk wannan lafiya, ka je ga filta ta farko, wadda ke tsakanin tanki da inji. Yawancinsu, irin na Racor, suna da kwano mai haske a ƙasa. Ruwa ya fi dizal nauyi, saboda haka za ka gan shi kwance a ƙasa da layi a tsakaninsu. In kuma baƙin dagwalo ka gani mai yauƙi, to ƙwayoyin halitta ne da ke hayayyafa a inda ruwa da dizal suka haɗu cikin tanki. Dizal ɗin zamani, wanda a Turai ake gauraya shi da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, ya fi na da jan danshi. Muddin jirgi na ɗaure dagwalon na kwance abinsa. Da igiyar ruwa ta fara jijjiga tanki sai ya tashi ya bi bututu ya shaƙe filta. Abin da ya sa injin da ya yi aiki lafiya lau a tasha ke mutuwa a bakin fita ke nan.

Ga yadda ake gyarawa. Ka rufe bawul ɗin mai na tanki. Ka tara gwangwani ko robar da aka yanke a ƙarƙashin filta, ka kewaye da tsumma, domin dizal in ya zuba a gindin jirgi warinsa zai sa kowa amai. Ka sassauta kusar ƙasan kwano ruwan ya fita. Ka cire tsohuwar filta, ka goge kwanon tas, ka sa sabuwa da sababbin zobban robarta bayan ka shafa musu ɗan dizal. Ka tabbata tsohon zobe bai maƙale a gurbinsa ba. Zobe biyu a wuri ɗaya kafa ce ta shigar iska, kuma za ta wahalar da kai fiye da dattin da ka cire. Ka cika filtar da dizal mai tsabta in irin wadda ake cikawa ce, ka ɗaure, ka buɗe bawul. In ta farko ta yi baƙi ƙwarai, ka canza ta biyu ma, wadda ke jikin inji.

Yanzu sai cire iska, domin injin dizal ba ya tashi da iska a bututunsa. A saman filtar jikin inji akwai ƙaramar kusa, ka sassauta ta zagaye ɗaya ko biyu, kada ka cire ta gaba ɗaya. A gefen inji akwai ƙaramin famfon mai da ɗan hannu. Ka dinga danna shi har ƙasa. Da farko kumfa za ta fito, sannan mai da kumfa, daga baya mai zalla. Kana cikin dannawa ka ɗaure kusar, a hankali, don jikinta ba ƙarfi gare shi ba. In ka ji hannun famfon sakwaf ba ya tura komai, ba lalacewa ya yi ba, wurin da inji ya tsaya ne ya danne shi daga ciki. Ka ɗan taɓa kik inji ya juya kaɗan, sai ka sake gwadawa. Aikin na iya cin dannawa ɗari ko fiye, kada ka gaji.

Ka gwada tayarwa. In ya ƙi, kuma injin tsohon samfuri ne, ka sassauta notin bututun ƙarfe a kan nozul ɗaya ko biyu kamar rabin zagaye, giya a firi, totur a buɗe, wani ya buga kik har mai ya fara tsartuwa ba kumfa. Ka ɗaure, ka mayar da totur ƙasa, ka tayar. Hannunka ya yi nesa da wurin, domin man da ke fitowa da ƙarfi na iya huda fata, raunin kuma na asibiti ne. In injinka na zamani ne mai kwamfuta, wanda nozul ɗinsa duka ke sha daga bututu ɗaya, kada ka kusanci waɗannan notin ko kaɗan. Matsin da ke ciki ya haura bar 1,500, wato kusan ninki 1,500 na matsin iskar da ke kewaye da mu. A irin wannan inji, littafinsa kawai za ka bi.

Akwai tarko a nan da ya kashe injuna da dama. Duk lokacin da kik ke juya inji, famfon ruwan teku na tura ruwa cikin salansa, alhali babu hayaƙin da zai fitar da shi. Ruwan sai ya taru ya komo baya ya shiga silinda. Ruwa ba ya matsuwa, fistin in ya same shi sandarsa ke lanƙwashewa. Saboda haka in ka buga kik sau biyu ko uku bai tashi ba, ka rufe bawul ɗin ruwan teku kafin ka ci gaba, ka sa mutum kusa da shi ya buɗe da zarar inji ya kama. Kowane bugu kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, ka bar kik ya huta kamar minti ɗaya.

In sabuwar filta ta sake toshewa cikin ɗan lokaci, tankin ne gaba ɗaya ya gurɓace, canza filta kuma ɓarnar filta ce. Ka ɗauko jarkar dizal mai tsabta, ka ɗaure ta da kyau kada ta faɗi, ka cire tiyon da ke kawo mai daga tanki ka tsoma shi ciki. Kada ka manta da tiyo na biyu. Injin dizal na jan mai fiye da abin da yake ƙonawa ya mayar da saura tanki, in ba ka juyo da wannan tiyon cikin jarkar ba, kana kallo za ta ƙare ta koma cikin gurɓataccen tanki. Ƙaramin injin jirgi mai filafilai lita biyu zuwa uku yake sha a sa'a, jarka mai lita 20 ta isa ta mayar da kai gida da rara.

Idan zafi ya yi

Jirgi ba shi da lagireto mai shan iska irin na mota. Ruwan teku ne ke shigowa ta wani bawul a ƙasan jirgi, ya bi ta matata, famfo ya tura shi cikin tukunyar sanyaya inda yake ɗauke zafin ruwan inji, sannan ya haɗu da hayaƙi su fita tare ta salansa. Shi ya sa abin da za ka fara yi shi ne leƙa bayan jirgi. Ruwa na fita tare da hayaƙi? In ba ya fita, ƙarar salansa ma takan canza ta zama busasshiya, ka kashe inji nan take. Tiyon salansa na roba ne, ruwan nan kaɗai ke hana shi narkewa.

Ka bi ruwan daga inda yake shigowa. Bawul a buɗe yake? Galibi in hannunsa ya miƙe daidai da tiyo a buɗe yake, in ya gitta a rufe. Wani lokaci leda ce ta manne a bakin kafar daga waje, kuma kashe injin ma kan sa ta saki ta tafi. Ka rufe bawul, ka buɗe matata, ka kwashe ciyawar teku da abin da ya taru. Wajen mayar da murfin ka duba zoben robarsa ya zauna daidai, don in murfin na shan iska famfo ba zai ja ruwa ba. In kana zargin kafar ce ta toshe, ka cire tiyo daga kan bawul ka ɗan buɗe. Ruwa ya kamata ya bulbulo da ƙarfi. In bai zo ba ka zura waya mai kauri, ko ka hura da famfon ƙaramin kwalekwalen roba. Ka tuna kana wasa ne da rami a ƙasan jirgi, turken katako na toshe kafa ya kasance kusa da hannunka.

In ruwa na zuwa har famfo amma ba ya wucewa, infela ce, wato 'yar farfelar roba da ke cikin famfon. Ruwa ne man shafawarta, in ta juya a bushe ko na ɗan lokaci ne sai ta ƙone fukafukanta su karye. Wadda ta yi watanni a zaune kuma takan sandare a lanƙwashe. Bawul a rufe, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa, domin kusoshin murfin ƙanana ne kuma in ɗaya ta faɗa gindin jirgi sai wani ikon Allah. Ka cire murfi, ka zaro infelar da filaya, kada ka ƙwarzane jikin famfon. Sai ka ƙirga fukafukan. Duk wanda babu yana nan gaba cikin tiyo ko a bakin tukunyar sanyaya, kuma sai ka nemo shi, in ba haka ba sabuwar infela za ta yi ta tura ruwa a toshe. Ka shafa wa sabuwar ruwan sabulun wanke kwanuka ko man da ya zo tare da ita, ban da giris, don yana cin irin wannan robar. Ka murɗa ta ciki ta fuskar da famfon ke juyawa, ka sa sabon fakin, ka ɗaure, ka buɗe bawul. Mantawa da buɗe bawul bayan gyara shi ne yadda ake ƙona infela ta biyu.

In kuwa ruwa na fita ta salansa amma inji na zafi, ka duba fambel. In ya tsinke ko ya yi sako-sako, famfon ruwan cikin inji ba ya juyawa, batir ma ba ya caji. Daidai ɗaurinsa shi ne in ka danna tsakiya da babban yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya. Baƙar ƙura a gaban inji alama ce yana cinyewa. Ruwan cikin inji kuma ba a buɗe murfinsa sai ya huce.

Idan farfela ce

Gwajin mai sauƙi ne: inji na tashi a firi, da ka sa giya sai ya mutu ko jirgi ya hau karkarwa. Kada ka yi ta maimaitawa, kowane gwaji ƙara ɗaure igiyar yake yi, yana kuma iya fizge sandar farfela daga mazauninta. Ka fara ƙirga igiyoyinka, don a farkon tafiya sau da yawa igiyar jirgin ce da kanta, wadda aka kwance daga tasha aka bar jelarta a ruwa. Ka duba inda sandar ta huda jikin jirgi ko ruwa na shigowa.

In ka samu bakin igiyar da sandar ƙugiya, ka kashe inji, giya a firi, mutum ɗaya ya ja igiyar a hankali, wani ya juya sandar farfela da hannu daga ciki ta baya. Sau da yawa takan warware. In ta ƙi, ka ɗaure wuƙa mai haƙora a bakin sanda ka yanka daga kan ƙaramin kwalekwale. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe, kuma ni ba na ba da shawararsa sai ruwa a kwance, da rana, makulli a aljihu, igiya a ƙugun mai shiga, tsani a sauke. Bayan jirgi da ke tashi yana faɗowa na iya fasa kan mutum, ruwa mai sanyi kuma na ɗauke numfashi tun kafin a kai ga farfelar.

Idan ya ƙi tashi tun farko

Ka murɗa makulli ka saurara. Ba ƙara ba fitila: babban makunnin batir, ko fis na bayan allon inji. Fitilu sun kawo amma kik shiru: a jirage da yawa sai giya na firi sosai yake bugawa, ka ɗan motsa hannun giyar. Ƙas-ƙas kawai kake ji, ko yana juyawa a kasale: batir ya yi sanyi ko kansa ya yi datti. Batir mai ruwa na volt 12 in ya cika yana nuna 12.6 zuwa 12.7, a 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Ka kwance kawunan ka kankare su har su yi haske, har da wayar da ke ɗaure a jikin inji, wadda kowa ke mantawa da ita. Sannan ka haɗa da batirin fitilun jirgi ta makunnin da aka tanada. Da inji ya tashi ya kamata geji ya hau 13.8 zuwa 14.4. Kada ka kashe babban makunnin batir inji na aiki, altaneta za ka ƙona.

In kik ya buga da ƙarfi sau ɗaya inji bai ko motsa ba, ka dakata. Wataƙila ruwa na cikin silinda. Ka gwada juya inji da sifana ta gaba. In ya cije, aikin makaniki ne a tasha.

Ƙararrawar baƙin mai kuwa ba a jayayya da ita, kashewa ake yi a duba geji. Man da ya koma fari-fari kamar an zuba madara ruwa ne ya shige shi, wanda ya haura alama kuma dizal ko ruwa ke ƙaruwa a ciki. Hayaƙi ma na magana: baƙi na nufin kaya sun yi wa inji yawa ko iska ta yi masa kaɗan, shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, fari mai saurin ɓacewa tururi ne na ƙarancin ruwa, fari mai daɗewa da warin dizal kuma man da bai ƙone ba ne.

Kira da karɓar ja

Kada ka jira sai abu ya ɓaci. Da wuri ka kira masu gadin gaɓa ko ofishin tasha a rediyon VHF, wato rediyon jiragen ruwa, kan lamba ta 16, ka ce injinka ya mutu, ga inda kake, ga adadin mutane, kana ƙoƙarin gyarawa. In ruwa na kai ka wuri mai haɗari amma rai bai shiga uku ba tukuna, kiran Pan-Pan ake yi, a faɗe shi sau uku. Kalmar ma daga Faransanci take, asalinta lalacewar inji take nufi. Kiran Mayday da danna madannin gaggawa mai launin ja na rediyo na lokacin da rai ko jirgi ke cikin haɗari na nan take ne, kamar a ce duwatsu sun matso anka kuma ta ƙi kamawa. In an kai nan kada kunya ta hana ka. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun ce jirgin da ya kasa sarrafa kansa ya ɗaga baƙaƙen ƙwallaye biyu da rana, jajayen fitilu biyu da dare, ko da yake ba a wajabta wa wanda bai kai mita 12 ba. Wanda ke tafiya da filafilansa kuwa bai shiga wannan sahu ba, jirgi ne mai tafiya kamar kowa.

In wani ya zo jan ka, ku yi magana kafin igiya ta haɗa ku. A dokar teku ja daban, ceto daban, kuma ladan ceto ana auna shi ne da darajar jirgin da aka ceta. Ku daidaita a rediyo ko gaban shaidu cewa ja ne, kuma ga abin da za a biya. Ka raba nauyin igiyar a kan maɗaurai biyu masu ƙarfi na gaba, ka naɗa tsumma inda take gogar jirgi, kowa ya kauce daga saitinta, don igiyar nailan in ta tsinke dawowa take yi kamar bulala. A ruwa mai kwanciya, ƙaramin kwalekwalenka mai inji ma ya isa. Ka ɗaure shi a gefen jirgi ta baya, shi ya tura, kai ka riƙe sitiyarin babban.

A ci gaba ko a koma?

Inji ya tashi, kowa ya yi murna, sai a ce a wuce. A nan nake taka burki. Tambayar ita ce: ka gano dalilin, ko dai tashi kawai ya yi? In bawul ne aka manta a rufe, ko igiya ce ka cire ta duka kuma sanda ba ta karkarwa, ka ci gaba. In dagwalo ne a tanki, ko ka sa infelarka ta ajiya ba ka da wata, ko fiffike ɗaya bai fito ba, ko injin ya tashi ba ka san me ya kashe shi ba, ka juya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Yanzu tasha na bayanka mil biyu, gobe warhaka tana iya zama mil ɗari, kuma wurin da za ka fi buƙatar inji shi ne mashigar tashar da ba ka sani ba, wataƙila da dare. Wajen komawa ka shirya anka a gaba, filafili a shirye, ka sanar da tasha cewa injinka ba abin dogaro ba ne don su ba ka wuri mai sauƙin shiga.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kafin fita ta biyu ka sa a zuƙe gindin tanki a wanke shi. Ka ajiye filtar farko aƙalla uku, ta jikin inji ɗaya, infela biyu da fakinsu, fambel, fis, baƙin mai, kilip na tiyo, da jarkar dizal mai tsabta da tiyo biyu da suka dace da ita. Ka koyi cire iska a tasha da rana tsaka, ka shafa wa kusar da hannun famfon fenti mai haske, ka rataye sifanar da ta dace kusa da su. Makullin inji kuma ka dinga rataye shi a hannun bawul ɗin ruwan teku duk lokacin da ka rufe shi, ta yadda ba za ka iya tayarwa ba sai ka je wurin.

Sannan ka gwada injin da kaya a kansa, don aiki a firi ba ya nuna komai. Ka ƙara igiyoyin ɗauri, ka tabbata babu wadda ke ruwa, ka sa giyar gaba, ka ɗaga totur zuwa kusan rabi, ka bar shi minti 20 zuwa 30. Kana yi kana leƙa ruwan salansa, kana duba gejin zafi, wanda a yawancin injuna yakan tsaya wajen digiri 80, kana haska kwanon filta. Ka taɓa inda sandar farfela ta fita ka ji ko ya yi zafi. Ka sa giyar baya ma na ɗan lokaci. Bayan ka kashe, ka shimfiɗa farar takarda ko tsumma mai tsabta a ƙarƙashin inji, da safe ka duba abin da ya ɗiga a kai kafin ka kwance igiya.